Gashin Ummanki

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da nauyin da kike ɗauke da shi. Yaya kumburin ƙafar? Ki riƙa ɗora ta a kan matashi yadda likitoci suka ce, kada ki fake da yawan aiki. Mu nan alhamdu lillahi.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Kin san injinan wankin otal sun tafi da rabin kunnena, a waya sai in yi ta “na'am, na'am” kamar sabon ɗan aike. Kuma duk sanda kika kira Ummanki tana kusa, idonta a bakina, shi ya sa amsata ba ta wuce “da sauƙi”. Yanzu ta yi barcin rana, ina zaune a teburin kicin. Zan rubuta abin da ake ciki, in ɗauki hoton takardar in tura miki.

Da sauƙin ba ƙarya ba ne. An sallame mu daga asibiti. Ƙafar dama tana ja, amma tana takawa da sanda. Hannun daman ne bai dawo ba, yana kwance a cinyarta kamar ajiyar wani. Baki ya ɗan karkace. Magana tana fita, sai dai kalma ɗaya sai ta tsaya jiran 'yar'uwarta. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki irin wannan tana son a fara gashin ƙashi da wuri, tun jijiyoyi ba su yi sanyi ba.

To, ta ƙi zuwa. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kira likitan ya yi mata magana a waya, ta saurara ta miƙo mini. Malaman makarantarsu sun zo dubiya, ta ce in ce tana barci. Na tsaya a bakin ƙofa da furfurata na yi musu ƙarya, na karɓi ledar lemo suka juya. Madubin ɗaki kuwa ta sa na juya shi yana kallon bango.

Da farko na ɗauka bakin take ɓoyewa. Sai shekaranjiya yayanki ya zo ya tarar ina fama da ɗaura mata ɗankwali, yana zamewa ina mayarwa. Ya ga kan. Ya ce, ba da wata manufa ba, ai gara a kira mai aski a sauke gashin kowa ya huta, in ta warke ya sake tsirowa. Akwai kofin shayi a hannunta na hagu. Ban san hagun tana da saiti haka ba. Kofin bai same shi ba, bango ne ya sha shayin.

Auta, zan faɗa miki abin da wataƙila ke kin daɗe da sani. Shekara talatin da ɗoriya muna tare da matar nan, ban taɓa ganin gashinta yadda Allah Ya halicce shi ba. Ni dai na san shi a miƙe, yana sauka kafaɗa, ta tufke shi a baya ta tafi makaranta. Ranar Asabar ina wurin aiki take wankewa ta gyara. In na dawo nakan ji ɗan ƙauri-ƙauri da ƙamshin mai a ɗaki, ban taɓa tambaya ba. A asibiti wata nas ta wanke mata kai. Na shigo da fulas na ga wata mata a gadon Ummanki, gashi ya murɗe ya tashi sama, ya takure bai ko wuce kunne ba. Na tsaya cak. Ta ga na tsaya. Tun ranar ba ta yarda mu haɗa ido sosai.

Yanzu kwanciya ta sa bayan kan ya cukurkuɗe ya zama dunƙule guda. Na ce mata ai ɗankwali yana rufewa. Ta ɗauki lokaci tana haɗa amsa, sannan ta ce ɗankwali mutane yake rufe wa, ba ya rufe wa mai kan. Na ce in kira mai gyaran gashi ta zo gida, ta girgiza kai.

Jiya ina neman katin asibiti a durowar ƙasa na ci karo da ƙarfen miƙar da gashinta, naɗe a tawul. Na juya shi na duba. Faranti biyu ne masu ɗaukar zafi, da wurin ƙara wuta da ragewa. Dutsen guga ne dai aka yi masa baki. Ni kuwa na ƙare ƙuruciyata a kan teburin guga, rigunan siliki na baƙi sun bi ta hannuna ba adadi, ban taɓa ƙona ko ɗaya ba. Zan gwada. Kada ki gaya wa yayanki.

Ki gaishe da maigidan naki. Allah Ya raba lafiya.

Ni ne,
Babanki.

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya, ya jikin naki, ya ƙoƙari? Saƙon muryarki ya iso, na shiga banɗaki na manna wayar a kunnen da ya rage na saurara har ƙarshe. Kin yi gaskiya a duk abin da kika faɗa. Sai dai ya iso a makare da kwana ɗaya.

Ga yadda aka yi. Na nuna mata ƙarfen, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, na ɗauki hakan a matsayin izini. Na zaunar da ita a kujerar kicin, na yafa mata tawul a kafaɗa, na jona. Na duba gashin na ga kauri ne da shi, a aikinmu kuwa yadi mai kauri wuta yake so, sai na murɗa har ƙarshe. Sannan na tsoma yatsu a kofi na yayyafa ruwa, yadda hannuna ya saba yi ko ban umarce shi ba. Na kama wani curi ta gefen hagu na matse.

Kin san sauran. Ya yi ƙara, tururi ya tashi, kicin ya ɗauki ƙaurin babbaka. Ta zabura, gefen ƙarfen ya lashi saman kunnenta. Da na buɗe, rabin abin da na kama yana manne a farantin, ragowar yana karyewa a yatsuna kamar busasshiyar ciyawa. Kunnen ya tashi. Na sa ruwan sanyi, na je kemis na sayo man ƙuna. Mai kemis ya tambayi yadda aka yi, na ce tsautsayi ne a kicin, ban kuwa yi ƙarya ba.

Kwana biyu ba ta ce mini uffan ba. Shirun wanda magana ke yi wa wuya daban ne, na sani, amma na daɗe ina karatun shirun Ummanki. Wannan na fushi ne.

Matambayi ba ya ɓata, ni ne na ƙi tambaya. Yanzu na riƙe: sai gashi ya bushe ƙarau, wuta tsaka-tsaki, a fesa abin kare zafi tukuna, a ɗiba kaɗan-kaɗan. Na je shagon kayan kwalliya na bakin titi. Yarinyar shagon ta tambaye ni wane irin gashi ne, na ce irin na matata. Sai da ta gama dariyarta ta ɗauko hotuna na nuna mata. Ta haɗa ni da feshin, da man laushi, da mataji mai manyan haƙora, da 'yan maƙalai na kama gashi. Ta ce in fara koyo a kan wani abu kafin in koma kan mutum.

A nan gizo ke saƙar. Kaina kin san shi, sanƙo ya gama da shi tun kina firamare. Gashi mai murɗewa guda ɗaya ya rage a gidan nan wanda nake da iko da shi. Na shiga banɗaki na wanke gemuna, na busar da shi da dirayarta, na fesa, na fara. Abin mamaki, yana yi. Mataji a gaba, ƙarfe a bayansa, sai ga gashi yana fitowa sumul. Ban san gemun nan ya kai ƙirji ba.

Na gama ɓari ɗaya ke nan na ji sandarta ta faɗi a falo. Na fito da gudu, na manta yadda nake. Ba faɗuwa ta yi ba, sandar ce ta zame daga jikin kujera. Ta ɗago ta ga mijinta, rabin gemu na bunsuru, rabi nasa. Ta daɗe tana kallo. Sai wani sauti ya fito mata wanda da farko na ɗauka shaƙewa ce. Dariya ce. Ba irin wadda kika sani ba, ta gefe ɗaya take fita, har yawu ya zubo. Na sa bakin tawul na goge mata, ba ta kawar da fuska ba.

Da ta lafa ta ce, “Ƙarasa.” Na jawo wayar ƙarfen na jona a falo, na durƙusa a gabanta na ƙarasa ɗaya ɓarin. In na daɗe a wuri ɗaya sai ta buga ƙasa da sanda, in na ɗiba da yawa ta sake bugawa. Da na gama ta duba ni sama da ƙasa irin kallon da take yi wa littafin ɗalibi, ta ce, “Huɗu bisa goma.”

Kafin in fita sayen burodi na jiƙa shi ya koma yadda yake. Kunnen ya fara bushewa. Asibiti dai har yanzu ba ta yarda ba.

Ki kula da kanki, ki daina tsayuwa mai tsawo.

Babanki.

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum, da fatan alheri gare ku baki ɗaya. Na ji an ce watan ya tsaya, Allah Ya sauke ki lafiya. Ki haɗa jakarki tun yanzu ki ajiye kusa da ƙofa, Ummanki ce ta ce in faɗa miki.

A kan benci nake rubuta wannan, takardar a gwiwata, ki yi haƙuri da rubutun. Zan zo kan wane benci ne.

Gemuna ya sha wuta har sau uku kafin ta gamsu. Ranar Alhamis ina ba ta magani ta ce, “Asabar.” Na gane.

Mun fara da hantsi, ba mu gama ba sai da rana ta juya. Na jingina kujerarta da wurin wanke-wanke, na tallafi ƙeyarta da hannu ɗaya na wanke da ɗayan. Na shafa man laushin na bar shi ya jiƙa. Dunƙulen baya shi ya fi cin lokaci. Da yatsu na fara warwarewa, sannan mataji, daga baki-baki ina hawa sama yadda kika ce. Ta ciji leɓe, ba ta yi ƙorafi ba. Gashi ya zube da yawa a matajin, ina cirewa ina cusawa a aljihu don kada ta gani.

Na busar har sai da na sa bayan hannu ko'ina ban ji sanyi ba. Na tsaga gida huɗu na maƙale. Na fesa. Na sa wuta a tsakiya. Ina ɗiban abin da bai fi kaurin yatsa ba, in ja sau ɗaya, ba tsayawa, ba komawa. A guga in kari bai fita ba sai ka sake bi. Nan ba haka ba ne, abin da ka samu a jan farko shi ne rabonka. Da na zo gefen hagu ta sa hannu ta danne kunnenta da kanta. A dama ni na naɗe shi da ɗan yatsana, na ce in ƙuna ce ta fara da ni.

Abin kallo ne, Auta. Ka kama abu ɗan guntu kamar tsawon ashana, ka ja, ya yi ta zuwa har ya kwanta a kafaɗa. Furfura ta fi yadda na zata yawa. Inda na ƙona ya rage gajere, na kwantar da na sama a kansa ya rufe. Da na gama na taje, na tufke a baya yadda na saba gani. Daga inda nake tsaye, Ummanki ce sak, kamar za ta ɗauki jaka ta ce in ta dawo a yi maganar cefane.

Ta ce, “Madubi.” Na raka ta ɗaki, na juyo shi daga bango.

Gashin ta fara dubawa, ta juya kai hagu da dama. Sannan idonta ya sauko. Ta daɗe. Ta ɗaga yatsa ta tura gefen bakinta sama har ya daidaita da ɗaya gefen, ta saki, ya koma. Ta sake turawa, ta saki. Ni ina tsaye ina naɗe wayar ƙarfen, na naɗe na warware na sake naɗewa. Ba ta yi kuka ba. Ta ce in mayar da ita gado. Abincin yamma ya kwana a rufe.

Lahadi ma haka, fuska a bango. Na zauna a kicin na ce a raina na ɓata goma ɗaya ba ta gyaru ba. Da tana da gashin da za ta ɗora wa laifi. Na miƙar da shi, na bar ta ita da fuskarta.

Litinin da safe na shigo da ruwan wanke fuska na tarar da ita zaune a bakin gado. Ta sa rigarta mai ruwan toka, ban san yadda ta yi da hannu ɗaya ba, maɓallan sun hau kan juna. Takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan ya shige ƙarƙashin gado tana lalubensa da sanda. Ta ce, “Za mu makara.” Ban tambaye ta ina ba. Na zaro takalmin, na gyara maɓallan, muka fita.

Benci na ɗakin jira ne na masu gashin ƙashi. Yau zuwanmu na huɗu. Tana ciki, ina jiyo muryar mai koya musu tana ƙirga mata, ina jiyo Ummanki tana gyara mata ƙirgen. Yayanki ya kira ya tambaye ni ya gashi, na ce wanne daga ciki, ai biyu muke yi yanzu, na asibiti da na gida. Bai gane ba, na bar shi a haka.

Ga ta nan an buɗe ƙofa. Sai na ji daga gare ki.

Babanki.

Zuwa ga Auta, maijego,

Assalamu alaikum. Barka, barka da arziki. Allah Ya raya ta, Ya yi mata albarka, Ya ba ki lafiyar shayarwa. Ya jikin naki, ya kwanan zaune? Hotunan sun iso. Ummanki ta sa na ƙara girman hoton har sau uku, sannan ta ce hancin na ubanta ne, sai haƙuri. Kada ki gaya masa.

Na daɗe ban rubuta ba, ganin kina da abin da ya ishe ki. Ga labarinmu a taƙaice.

Ƙafa ta yi kyau, a cikin gida ba ta neman sanda. Magana ta ƙara sauri, har ta fara katse ni. Hannun ne likita ya zaunar da mu a kansa. Ya ce yatsu biyu da suke motsi za su iya ƙaruwa kaɗan, amma kada mu sa rai zai koma riƙe alli. Ta saurara, ta yi masa godiya. Da malaman makarantarsu suka sake zuwa ta ce a shigo da su. Ita ta gaya wa shugabarsu da bakinta cewa ba za ta koma aji ba, a nemi wata tun kafin zangon ya yi nisa. Su suka yi ta share hawaye, ita tana ce mini in ƙaro kofuna. Washegari ta ce in sayo mata littafi mai layi, ta fara koyon rubutu da hagu. Baƙaƙen suna fitowa kamar na 'yan ajinta, tana ja musu jan layi da kanta.

Maganar da kika kawo ta mu dawo wurinku, mun gode, ke da maigidanki. Ba yanzu ba. In kin yi ƙwari ku ku zo.

Gashi kuma mun yi rigima a kansa. Ita tana son kowace Asabar kamar da, ni na ga yana karyewa ta baki, na ce wuta ta yi masa yawa. Ta ce yaushe na zama gwani. Mun tsaya a kan Asabar ɗaya a yi, ɗaya a huta. Yanzu ita take gyara gaban kan da hagunta, ina riƙe mata mataji. Baya nawa ne, tunda ba ta gani.

Akwai wani ɗan wuri a ƙeya, can ƙasa inda gashi ya haɗu da wuya, faɗinsa bai fi babban yatsa ba. Tun ranar farko ban taɓa sa masa ƙarfe ba. Da tsoro ne, fatar wurin ba ta da kauri. Daga baya hannuna ya saba, zan iya, amma na ci gaba da tsallake shi. In na wanke kan yakan nannaɗe ƙanana-ƙanana, in ka ja ɗaya ka saki sai ya koma wurinsa. Ina son ganinsa. Ban san yadda ake faɗa wa mace irin wannan bayan shekara talatin ba, sai na riƙa sauke na sama a kansa in tufke, ba mai gani.

Ranar Laraba mai gashin ƙashin tana murza mata kafaɗa, ta ɗage tufkar don kada mai ya taɓa. Ina gefe a zaune da jakarta da takalmanta a cinya. Sai na ji ta ce, “Mama, mai yi miki gyaran nan ta iya, amma ta manta ƙeya.”

Na sunkuyar da kai ina duba takalmi. Ummanki ba ta ko juyo ba. Ta ce, “Ba mantuwa ba ce. Nasa ne wannan. A bar masa.”

Matar ta ce to, ta ci gaba da aikinta. A bas Ummanki ba ta tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Ta ce in tuna mata mu sayi sabulu. Asabar mai zuwa ina tunanin in ƙara faɗinsa kaɗan, in ga ko za a yi magana.

Ki shafa mini kan amaryata, ki ce angonta yana gaisuwa. Ummanki tana gaishe ku, ta ce ki riƙa shan ruwa da yawa. Allah Ya yi muku albarka.

Ni ne,
Babanki.